Yadda Ake Warware Tambayoyin Gudu, Nisa da Lokaci a Aljabara

Tambayoyin da suka shafi gudu, nisa da lokaci suna cikin waɗanda ɗalibin sakandare yake cin karo da su tun daga ƙananan azuzuwa har zuwa jarrabawar WAEC da NECO da ta JAMB, kuma duk malamin da ya daɗe yana duba takardun ɗalibai ya san cewa kurakuran da ake tafkawa a cikinsu ba su da yawa, sai dai su ne dai suke dawowa kowace shekara. Da wuya a sami ɗalibin da bai haddace ƙa'idar ba, domin kowa yana iya faɗin cewa nisa shi ne gudu sau lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin mayar da labarin da aka bayar da kalmomi ya zama daidaito, wato jimlar lissafi mai alamar = wadda ke cewa abin da ke hagu da abin da ke dama ƙimarsu ɗaya ce. Ƙa'idar da aka haddace tana bayanin tafiya ɗaya ne tak, alhali yawancin tambayoyin suna ɗauke da tafiya biyu, ko dai ta masu tafiya biyu ko ta mutum ɗaya a zango biyu, kuma daidaiton da ake nema yana fitowa ne daga abin da ya ɗaure tafiyoyin biyu da juna. Wanda ya iya gano wannan ɗauri ya gama mafi wuyar aikin, wanda kuma bai gano shi ba, zai yi ta ninka lambobi yana raba su ba tare da ya san abin da amsarsa take nufi ba.

Abubuwan da ake bukata

Kayan hannu ba su wuce takarda mai isasshen fili, fensir da rula ba. Kalkuleta tana da amfani a ƙarshen aiki inda aka yarda a shiga da ita, amma ɗaukarta tun da farko yana jawo gaggawar danna lambobi kafin a fahimci labarin. Abin da ya fi kayan hannu muhimmanci shi ne sanin da ɗalibi zai zo da shi:

Na farko, ƙa'idar a fuskokinta uku: nisa shi ne gudu sau lokaci, gudu shi ne nisa a raba da lokaci, lokaci kuma shi ne nisa a raba da gudu. Littattafan makaranta sukan rubuta nisa da harafin d, gudu da v, lokaci da t, saboda haka d = vt.

Na biyu, iya sarrafa kaso, wato lamba mai sama da ƙasa kamar 1/3, da iya buɗe baka biyu, wato ninka abin da ke waje da kowane abu da ke ciki.

Na uku, sanin gudun wasu abubuwa a zahiri. Mai tafiya a ƙasa yakan yi kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari da 100 a babban titi mai hannu biyu. Usain Bolt kuwa, lokacin da ya yi tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a shekarar 2009, matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 38 a awa ba. Da waɗannan ne ake auna ko amsa ta shiga hankali.

Akwai kuma sharaɗi guda da tambayoyin suke ɗauka ba tare da sun faɗa ba, shi ne cewa gudun bai canja ba tun daga farkon zango har ƙarshensa. Babu motar da take tafiya haka a kan hanya, amma ƙa'idar d = vt ba ta aiki sai da wannan sharaɗi, shi ya sa duk inda labari ya ce gudu ya canja ko an tsaya, dole a ɗauki wurin a matsayin farkon sabon zango.

Mataki na 1: Karanta labarin har a iya maimaita shi

Ana karanta tambayar sau biyu, karon farko don a ji labarin ba tare da kula da lambobi ba, karo na biyu don a ja layi a ƙarƙashin kowace lamba tare da ma'auninta. Da yake tambayoyin suna zuwa da Ingilishi a Najeriya, da Faransanci a Nijar, yana da kyau ɗalibi ya sake faɗin labarin da Hausa a zuciyarsa: wa ya tashi, daga ina, da ƙarfe nawa, ina ya nufa. Daga nan sai a rubuta abin da aka tambaya a gefe da kalmomi, domin akwai bambanci tsakanin a tambayi tsawon lokacin da aka ɗauka da a tambayi ƙarfe nawa aka isa, kuma ɗalibai da dama sukan warware lissafin daidai sannan su amsa tambayar da ba a yi musu ba.

Mataki na 2: Daidaita ma'aunai

Ma'aunin gudu shi ne yake yanke hukunci. Idan an ba da gudu da kilomita a awa, to dole nisa ya kasance da kilomita, lokaci kuma da awa. Idan an ba da shi da mita a daƙiƙa, sai komai ya koma mita da daƙiƙa. Dalili kuwa shi ne, gudun kilomita 90 a awa yana nufin kowace awa ɗaya tana kawo kilomita 90, saboda haka ninka shi da adadin mintuna tamkar cewa ne kowane minti yana kawo kilomita 90.

A nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa yake faruwa. Awa tana da minti 60 ne, ba 100 ba, don haka awa ɗaya da minti 30 ba 1.30 ba ce, 1.5 ce, kuma minti 20 ba 0.20 ba ne, sulusin awa ne, wato 20/60 ko 1/3. Hanyar da ba ta yaudara ita ce a ɗora adadin mintunan a kan 60 a rage kason: minti 15 ya zama 1/4, minti 45 ya zama 3/4, minti 48 ya zama 4/5. Barin sa a matsayin kaso ya fi mayar da shi lamba mai ɗigo, domin sulusi ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi da ɗigo, kuma wanda ya yanke shi a 0.3 ya zubar da minti biyu tun kafin ya fara aiki.

Mayar da kilomita a awa zuwa mita a daƙiƙa ana yin sa ne da rabawa da 3.6, saboda kilomita tana da mita 1,000, awa kuma tana da daƙiƙa 3,600. Gudun kilomita 72 a awa ke nan mita 20 a daƙiƙa. Idan tambaya ta zo da mil, a tuna cewa mil ɗaya kilomita 1.609 ne, kuma ba a haɗa su biyun a daidaito ɗaya.

Mataki na 3: Zana hanyar

Ana jan layi miƙaƙƙe, a sa wuraren tashi da na zuwa, a zana kibiya ga kowane mai tafiya, a rubuta lokacin tashinsa a gindin kibiyar. Ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa su ne suka fi raina wannan mataki, alhali zanen ne yake nuna ko kibiyoyin suna fuskantar juna, ko suna bin juna, ko ɗaya ce ta je ta dawo, kuma wannan shi ne yake faɗin irin ɗaurin da za a nema.

Misalin da za a bi shi ne wannan. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016, tsawonsa kimanin kilomita 186 ne tsakanin tashar Idu da tashar Rigasa. A ƙaddara jirgi ya tashi daga Idu da ƙarfe 8:00 na safe yana gudun kilomita 90 a awa, wani kuma ya tashi daga Rigasa da ƙarfe 8:20 yana gudun kilomita 105 a awa, kuma babu wanda ya tsaya a tashoshin da ke tsakani. Ana so a san ƙarfe nawa za su haɗu. Zanen zai nuna kibiyoyi biyu suna fuskantar juna, sun haɗu a wani wuri da ba a sani ba tukuna, kuma tsawonsu a haɗe ya cika layin gaba ɗaya.

Mataki na 4: Zaɓen harafi da cika jadawali

Ana zaɓen harafi ɗaya ya tsaya a madadin adadin da ba a sani ba, kuma a rubuta ma'anarsa cikakkiya. Rubuta cewa t lokaci ne bai wadatar ba, tun da akwai lokaci biyu a labarin. Abin da ya kamata a rubuta shi ne, t adadin awannin da jirgin Idu ya yi yana tafiya kafin haɗuwa. Sannan a shirya jadawali mai layi ɗaya ga kowace tafiya, da gurbi uku: gudu, lokaci, nisa. Gurbi biyu ake cikawa daga labarin, na ukun kuwa ƙa'ida ce take cika shi:

Jirgin Idu: gudu 90, lokaci t, nisa 90t
Jirgin Rigasa: gudu 105, lokaci t − 1/3, nisa 105(t − 1/3)

Alamar da ke cikin baka biyun tana bukatar tunani. Da yawa sukan rubuta t + 1/3 saboda 8:20 tana gaba da 8:00 a agogo, amma wanda ya makara wajen tashi, lokacin da ya yi a kan hanya ya fi gajarta, don haka ɗebewa ake yi. Kafin a sa alamar, a tambayi kai wanne daga cikin biyun ya fi daɗewa yana tafiya.

Mataki na 5: Gano ɗaurin da rubuta shi da kalmomi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa ita ce a rubuta ɗaurin da jimla ta magana kafin a rubuta shi da alamomi. Ba sabon abu ba ne: Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, bai yi amfani da haruffa ko alamomi ba, da jimloli ya tsara kowace matsala kuma ya warware ta. Alamomin gajarta magana ne kawai, kuma wanda ba shi da maganar ba shi da abin da zai gajarta. Ɗaurin yakan zo ne ta ɗaya daga cikin fuskoki kaɗan.

Idan masu tafiya suna fuskantar juna, nisan da na farko ya ci da wanda na biyu ya ci a haɗe su ne tazarar da ke tsakaninsu tun farko. A misalin jiragen, wannan jimla ta zama 90t + 105(t − 1/3) = 186. Haka kuma idan sun tashi daga wuri ɗaya sun ba juna baya, haɗa nisan ake yi, domin kowannensu yana ƙara tazarar.

Idan ɗaya yana bin ɗaya daga wuri guda, to a lokacin da ya riske shi nisan da suka yi ɗaya ne, lokutansu ne suka bambanta. A ce tirela ta bar Kano ta kama hanyar Maiduguri da ƙarfe 6:00 na safe tana gudun kilomita 50 a awa, sai ƙaramar mota ta biyo ta daga wuri ɗaya da ƙarfe 7:30 tana gudun 80. Idan t awannin ƙaramar motar ne, tirelar ta yi t + 1.5, saboda haka 80t = 50(t + 1.5), wanda ya ba da 30t = 75, wato t = 2.5. Ƙaramar motar za ta riski tirelar da ƙarfe 10:00, bayan kilomita 200. Lambobin 75 da 30 suna da ma'ana a labarin, kuma ya kamata ɗalibi ya gan ta: 75 ita ce ratar da tirelar ta bayar kafin a biyo ta, 30 kuma ita ce abin da ƙaramar motar take cinyewa daga ratar a kowace awa. Wannan nau'i na tambaya ya daɗe a hannun malamai. A cikin tarin tambayoyin da ake dangantawa da Alkuwin, malamin Ingila da ya koyar a fadar Sarki Sharleman wajen shekarar 800, akwai ta kare da ke bin zomo mai ratar ƙafa 150, kare yana tsallen ƙafa 9, zomo yana tsallen ƙafa 7. Kowane tsalle yana rage ƙafa 2, sai a tsalle na 75 kare ya kama shi.

Idan mutum ɗaya ne ya je ya dawo ta hanya ɗaya, nisan zuwa da na dawowa ɗaya ne, kuma galibi jimillar lokaci ake bayarwa. Manomi ya tafi kasuwa a kan keke yana gudun kilomita 15 a awa, ya dawo da kaya yana gudun 10, tafiyar duka ta ci awa biyu da rabi ban da zaman kasuwa. A nan harafin ya fi dacewa ya tsaya wa nisa, gurbin lokaci kuma ƙa'ida ta cika shi: lokacin zuwa d/15, na dawowa d/10, ɗaurin kuma shi ne d/15 + d/10 = 2.5.

Fuska ta huɗu ita ce kwatanta tafiyar da aka yi da wadda da an yi. Ɗalibi idan ya taka da gudun kilomita 4 a awa yakan makara da minti 10, idan kuma ya taka da gudun 5 yakan isa saura minti 5 a kaɗa ƙararrawa. Tarkon da ke nan shi ne a ɗebe 5 daga 10 a ce bambancin minti 5 ne, alhali ɗaya yana bayan ƙararrawa, ɗaya yana gabanta, don haka tsakaninsu minti 15 ne, wato rubu'in awa. Daidaiton shi ne d/4 − d/5 = 1/4, kuma nisan makarantar kilomita 5 ne. A irin wannan ɗebewa, lokacin tafiyar da ta fi nawa shi ake sawa a gaba, domin shi ne babba.

Mataki na 6: Warware daidaiton

Daidaito kamar sikeli ne mai faranti biyu, duk abin da aka yi wa ɓangare ɗaya sai an yi wa ɗayan. A misalin jiragen ana fara buɗe baka biyu, kuma 105 za ta ninka t ta kuma ninka sulusin, abin da masu gaggawa sukan manta: 90t + 105t − 35 = 186. A haɗa masu t, a ƙara 35 a kowane ɓangare, sai a sami 195t = 221, wato t = 221/195, wanda idan aka raba sama da ƙasa da 13 ya zama 17/15.

Inda akwai kaso da yawa, ana kawar da su tun farko ta hanyar ninka kowane yanki da ƙaramar lambar da duk lambobin ƙasa suke shiga cikinta ba saura. A misalin manomi lambar ita ce 30, sai daidaiton ya koma 2d + 3d = 75, wato d = 15. Kuskuren da ake yi shi ne a ninka ɓangaren hagu a bar 2.5 yadda take, ko kuma a haɗa lambobin ƙasa a rubuta 2d/25, wanda ba haka ake tara kaso ba.

Wani lokaci abin da ba a sani ba shi ne gudun kansa, sai harafin ya faɗa a ƙasan kaso. A ce bas ta yi tafiyar kilomita 240, kuma da ta ƙara kilomita 20 a awa a kan gudunta, da ta rage awa ɗaya. Ɗaurin shi ne 240/v − 240/(v + 20) = 1. Idan aka ninka kowane yanki da v(v + 20), aka tattara komai a ɓangare ɗaya, za a sami v² + 20v − 4800 = 0, daidaito mai murabba'i, wato wanda harafin ya ninka kansa a cikinsa. Ana neman lambobi biyu da ninkinsu ya ba da 4800, bambancinsu kuma 20, su ne 80 da 60, don haka (v + 80)(v − 60) = 0. Amsa biyu ke nan, 60 da −80, kuma ta biyun ana ajiye ta tare da rubuta dalili, cewa gudun bas a wannan labari ba ya zama ƙasa da sifili.

Tambayoyin kogi kuwa sukan kawo haruffa biyu. Jirgin ruwa da ke bin ruwa, gudunsa shi ne nasa na kansa a haɗa da na kogin. Idan ya juyo yana saɓa wa ruwa, ɗebe na kogin ake yi. Idan kwalekwale mai inji ya gangara kilomita 24 daga Yawuri a Kogin Kwara cikin awa ɗaya da rabi, ya hauro cikin awa biyu, to v + c = 16 kuma v − c = 12, inda v gudun kwalekwalen ne a kwantaccen ruwa, c kuma gudun kogin. Haɗa daidaiton biyu yana kawar da c, sai a sami v = 14, c = 2.

Batun matsakaicin gudu

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne hankali yake ba da amsa da sauri kuma amsar ba daidai ba ce. Idan aka tambayi matsakaicin gudun manomin nan a tafiyarsa duka, kusan kowa zai haɗa 15 da 10 ya raba biyu ya ce 12.5. Ma'anar matsakaicin gudu kuwa ita ce jimillar nisa a raba da jimillar lokaci, wato kilomita 30 a raba da awa 2.5, wanda ya ba da 12. Dalilin bambancin shi ne manomin ya yi awa ɗaya kawai yana gudun 15, amma ya yi awa ɗaya da rabi yana gudun 10, saboda haka ƙaramin gudun ya fi rinjaye. Haɗawa a raba biyu ba ya yin daidai sai idan lokutan zangon biyu ne suka zo ɗaya. Idan nisan ne ya zo ɗaya, amsar kullum tana ƙasa da tsakiyar lambobin biyu, kuma ana iya samunta da 2ab/(a + b), inda a da b su ne gudun zuwa da na dawowa. Haddace wannan gajeriyar hanya ba laifi ba ne, amma takan cuci wanda ya ɗauke ta zuwa tambayar da zangonta ba su kai juna tsawo ba, alhali ma'anar asali tana aiki a ko'ina.

Akwai tambayar da take fito da wannan fili. Direba ya yi tafiyar kilomita 60 da gudun 30 a awa, yana so ya dawo da gudun da zai sa matsakaicin tafiyar duka ya zama 60. Amsar da ke zuwa baki ita ce 90, amma tafiyar kilomita 120 da matsakaicin gudun 60 tana bukatar awa biyu cif, shi kuwa ya riga ya cinye awa biyun a zuwa, don haka babu gudun da zai cika masa wannan buri. Haka nan idan labari ya ce an tsaya shan mai ko cin abinci, lokacin tsayuwar yana shiga jimillar lokaci muddin matsakaicin tafiyar duka aka tambaya.

Mataki na 7: Mayar da amsa ga abin da aka tambaya

A misalin jiragen, samun t = 17/15 ba shi ne ƙarshe ba, tun da ƙarfe nawa aka tambaya. Kalkuleta za ta nuna 1.13, kuma kuskuren mataki na 2 yakan sake dawowa a nan ta baya, ɗalibi ya karanta shi awa ɗaya da minti 13. Ninkawa da 60 ake yi: 17/15 sau 60 ya ba da minti 68, wato awa ɗaya da minti 8. Da yake t na jirgin Idu ne, a kan 8:00 za a ɗora shi, ba a kan 8:20 ba, sai amsar ta zama ƙarfe 9:08 na safe. Wannan shi ne amfanin rubuta cikakkiyar ma'anar harafin tun a mataki na 4. Amsa kuma ba ta cika sai da ma'auninta, domin 15 kawai ba ta nuna ko kilomita ce ko minti.

A tambayoyin jirgin ƙasa da ke ƙetare gada ko wuce dandamalin tasha, a kula cewa jirgin bai gama ƙetarewa ba sai taragonsa na ƙarshe ya fita, saboda haka nisan shi ne tsawon gadar a haɗa da tsawon jirgin. Jirgi mai tsawon mita 200 da ke gudun mita 20 a daƙiƙa yana bukatar daƙiƙa 30 ya ƙetare gada mai mita 400, ba 20 ba.

Mataki na 8: Gwada amsar a cikin labarin

Gwaji iri biyu ne. Na farko shi ne na hankali, wanda ba ya cin lokaci: mai keke da amsarsa ta nuna yana gudun kilomita 150 a awa, ko wurin haɗuwar jirage da ya faɗa bayan kilomita 186, ko matsakaicin gudu da ya fi babban gudun da aka bayar, duk suna nuna akwai ɓaraka a wani wuri. Na biyu shi ne a ɗauki amsar a koma da ita cikin kalmomin tambayar. Jirgin Idu daga 8:00 zuwa 9:08 ya yi minti 68, wanda da gudun 90 ya ba da kilomita 102. Jirgin Rigasa daga 8:20 zuwa 9:08 ya yi minti 48, wanda da gudun 105 ya ba da kilomita 84. A haɗe 186, kamar yadda labarin ya ce. Bas ɗin nan ma, da gudun 60 tana cin awa huɗu, da gudun 80 kuma awa uku, bambancin awa ɗaya.

Abin da ya sa aka ce a koma ga labarin, ba ga daidaiton da aka rubuta ba, shi ne daidaiton zai amince da amsar da ta fito daga cikinsa ko da shi kansa a karkace yake. Ɗalibin da ya rubuta 0.20 a madadin sulusin awa zai sami 195t = 207, wato kimanin minti 64, kuma idan ya mayar da wannan cikin daidaitonsa zai ga komai ya zauna daram. Amma idan ya ce jiragen sun haɗu da ƙarfe 9:04 ya lissafa daga agogo, jirgin Idu ya yi kilomita 96 cikin minti 64, na Rigasa ya yi 77 cikin minti 44, jimilla 173, wato a lokacin da ya ce sun haɗu akwai sauran kilomita 13 a tsakaninsu. Daga nan sai ya bi matakan da baya ɗaya bayan ɗaya, ya fara da ma'aunai da alamar da ke cikin baka biyu, domin a nan aka fi samun ɓarakar.